Ni da Surukina da Kare a Hanyar Nema

Tashi daga Nima

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gida, ni da surukina Baba, a shekarun nan da sabulu da sukari suka zama sai an bi layi a Akra, wadda mu 'yan zango muke ce wa Ankara. Sunana Mumuni, tela ne ni a unguwar Nima, kuma saboda wannan tafiya na ɗinka wa kaina farar babbar riga mai aiki har ciki, don na ƙudura a raina duk ƙasar da na shiga sai an ɗauke ni babban mutum. Matata Adiza ta rako mu bakin titi da tsohon cikinta, tana riƙe da jakar mahaifinta. A bayan gida karen Baba yana ta kuka, domin na sa maƙwabci ya ɗaure shi tun jiya.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu. Baba ya zo Ankara tun yana saurayi tare da masu kawo raguna daga arewa, ya yi aure a Maamobi, ya yi ta gadi har ya tsufa. Kowa Baba Buzu yake ce masa, don a zango duk wanda ya fito daga hamada da rawani Buzu ne, ko ya so ko ya ƙi. Aibinsa ɗaya a idon jama'a shi ne bai taɓa zama babu kare ba. Shekara biyu kafin tafiyarmu ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Da ya farfaɗo hannu da ƙafa suka dawo, amma Hausa ta tafi, ta kwashe Twi da Ga ɗin da ya tsinta ta tafi da su. Abin da ya rage a bakinsa wani yare ne da ko marigayiya matarsa ba ta taɓa jin ya yi ba.

Malamai suka zo suka saurara, suka ce akwai Larabci a ciki, amma in sun kama kalma biyu sai ta uku ta kuɓuce. A ƙarshe aka kawo wani Balarabe ɗan Murtaniya mai sayar da carbi a Maamobi. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ji, ya yamutsa fuska, ya ce ai wannan ɗan Nimadi ne, wasu mafarauta masu karnuka da ke yawo a wajen garuruwan Nema da Walata, yarensu Larabcin ƙasar ne amma cike yake da kalmomin da su kaɗai suka sani. Muka roƙe shi ya yi mana tafinta ko da rabi-rabi ne. Baba na ɗaga ido ya gan shi, sai ya juya fuskarsa bango ya kulle baki, har mutumin ya gaji ya tafi.

Daga nan Baba ya fara fita ba sallama. Sau biyu ana tsinto shi a hanyar Nsawam, ya nufi arewa da ƙafa, kare na biye da shi. Dattawan unguwa suka zauna suka ce a mai da shi wurin danginsa tun da sauran numfashi. Ba shi da ɗa namiji, ana ta kallon-kallo, sai bakina ya buɗe da kansa na ce ni ai yare biyar nake ji. Gaskiyar magana, Hausa ce da Twi da Ga, sai Turancin tasha, sai Larabcin da bai wuce wanda nake salla da shi ba. Nan take aka ce to Allah ya kawo mai rakiya. Dattawan suka ƙara da cewa a bar karen a gida, Musulmi ba ya shiga mota da kare. Wannan hukunci ya yi mini daɗi ƙwarai, don tun ranar da wani kare ya yaga mini wando a Alajo ina yaro, in na hango kare sai in tuna ina da uzuri a wancan gefen titi.

Muna jiran trotro, ƙaramar motar haya, Adiza ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ta ɓoye shekara biyu. Ta ce tun da ciwon ya same shi, duk lokacin da ta kai masa abinci sai ya ɗebi lomar farko ya jefa wa kare, ya ɗebi ta biyu ya miƙo mata. Ita kuma sai ta ƙi karɓa, ta fita ta yi kuka a madafa. Ni ban taɓa gani ba, tun da suruki ba ya tsayawa kallon surukinsa yana cin abinci.

"Maigida, abu ɗaya ni ke so," in ji ta. "In kun samu mai jin magananshi, ka tambaye shi ko ya san ni wanene. In kare ne ya ɗauke ni, ka zo ka gaya mani, ni na iya ɗauka."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin aiki ne. Trotro ta zo muka shiga.

Kumasi da Tamale

Motar Kumasi ta tashi gari na wayewa. A Nkawkaw taya ta fashe, masu burodi suka yanyame mu, na saya wa Baba mai zafi. Ya karɓa ya riƙe a hannu har muka shiga Kumasi bayan la'asar. Mun sauka a zango wurin wani dillalin goro, aka kawo shinkafa da wake da kifi. Na ajiye wa Baba nasa da ladabi, na ɗauki nawa na zaga bayan ɗaki na cinye tas. Da na dawo na tarar ko murfin bai ɗaga ba. Mai masauki ya nuna damuwa, ni kuwa na yi masa bayani irin na masana, na ce gajiyar mota ce, haka take yi wa tsofaffi.

Washegari ya haɗa mu da motar goro mai zuwa Wagadugu. Muka hau can sama kan huhunan goro, na tattara rigata a cinya kada ta taɓa ganye. Muka bi ta Kintampo muka isa Tamale da yamma, inda na samo tuwon zafi da miyar ayoyo, irin wanda ko mai zazzaɓi sai ya lashe kwano. Baba ya dubi tuwon, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ture kwanon. Ruwa kawai yake sha. Direba ya ce a samo rubutu, aka samo, ya shanye rubutun ya bar tuwon. Na durƙusa na lallashe shi da Hausa, na koma Twi, na gwada Ga, har Turanci na yi masa, yana kallona yadda ake kallon rediyon da ya kama tashar da ba a so. A nan tsoro ya fara shiga ni. Na ga alamar zan kai wa mutanen Nimadi gawa, in kuma koma wa Adiza hannu wofi.

Bolga

A rana ta uku da hantsi muka tsaya a tashar Bolga. Baba ya rame, sai da aka riƙe shi ya sauko. Na sayi gasasshen zabo guda na ajiye a gabansa, na juya baya kamar kullum. Ina juyawa na yi ido huɗu da wani ƙazamin karen tasha yana nufo mu. Ban san lokacin da na taka tayar mota na maƙale a jikin katako ba, babbar riga na lilo. To daga can sama na ga abin da ladabi ya hana ni gani. Baba ya yi wani sauti da harshensa, karen ya zo ya zauna. Ya yagi tsoka ya jefa masa. Ya yagi ta biyu, ya duba dama da hagu kamar mai neman wani, da bai ga kowa ba ya ajiye ta a kan gwiwarsa. Sa'an nan ya yi bisimilla ya cinye zabon nan har ƙashi.

Ina maƙale maganar Adiza ta dawo mini. Ta faɗa mini ƙarara cewa kare ke fara ci, amma ƙwaƙwalwa mai yare biyar ta kasa haɗa wannan da wancan har kwana uku. Komawa Ankara ɗauko karensa ba zai yiwu ba. Na tambayi direba inda ake samun kare, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya nuna mini bayan kasuwa.

A Bolga akwai wurin da ake cinikin karnuka, kuma yawancin masu saye ba don gadi suke saye ba. Haka na shiga wurin da farar riga da carbi a hannu, Baba na biye da ni. Ciniki ya tsaya cak. Wani mai sayarwa da ke jin Hausa ya matso yana murmushi.

"Alaji, na miya ne ko na gadi?"

Na ce na tafiya ne. Ya ce to ko na tafiya ne gara mai ƙiba, ya jawo wani yana tattaɓa masa haƙarƙari. Baba ya ture shi. Ya bi karnukan ɗaya bayan ɗaya yana duba tafin ƙafa da haƙora da ƙirji, har ya tsaya kan wani ja siriri mai dogayen ƙafafu wanda ba wanda ya taya. Aka ɗaura igiya aka danƙa mini. Ina fitowa, igiya a hannu ina tafe a karkace don kada ya taɓa ni, sai ga wani ɗan unguwarmu da ke sayen albasa yana kaiwa kasuwar Agbogbloshie a Ankara. Ya dube ni, ya dubi kare, ya dubi inda na fito, ya ce, "Chale, abokina Mumuni, ashe haka ne?" Kafin in haɗa bayani motarsa ta tashi, ta nufi kudu.

Direbanmu ya ce kare ma sai an biya masa kuɗin wuri. Tun daga nan aka sa masa suna Fasinja.

Wagadugu zuwa Bamako

Bayan mun ƙetare iyaka a Paga muka tarar da shingen jandarmomi. Ɗaya ya karɓi takardunmu, ya nuna Fasinja ya yi tambaya da Faransanci. Faransancina gaisuwa ce kawai, don haka na gaishe shi. Ya sake tambaya, na sake gaishe shi, da ƙarin ladabi. A karo na uku dariya ta ƙwace masa, ya kira abokansa su zo su ga Alhajin da ke yawo da kare, suka ɗaga mana sanda.

Fasinja bai saba da mota ba. Tsakanin Po da Wagadugu ya yi amai, kuma duk faɗin motar nan bai ga wurin da ya dace ba sai aikin gaban rigata. Daga ranar na zama mai wanki. Ko'ina muka tsaya, kafin in yi alwala sai na wanke inda ya shafa, har rigar ta koma kalar koko. A Wagadugu muka rabu da motar goro, muka shiga wata zuwa Bobo, daga can wata zuwa Bamako ta Sikasso. Masauki kuwa ya gagara. Duk gidan da aka yi mana maraba, da an ga abin da ke ƙarshen igiya sai a tuna ɗakin baƙi ya cika. A tasha muka riƙa kwana, muna cin dogon burodin nan na ƙasar Faransa da naman tsire.

Baba kuwa sai murmurewa yake. Amma ya ɓullo da wani sabon hali. Tsokar nan ta biyu da yake ajiyewa, sai ya yanka ta siriri ya rataya a zare jikin ƙarfen mota, in ta bushe ya jefa cikin wata 'yar jakar fata da ke wuyansa. In babu nama, ɓallin burodi yake sakawa. Na ɗauka rikicin tsufa ne. A tashar Bamako, da na ga ƙudaje sun fara yi mana rakiya, na lallaɓa zan zazzage jakar yana gyangyaɗi. Ya cafke mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya yi mini faɗa mai tsawo da yarensa. Ban ji ko kalma ba, amma na gane ba albarka yake sa mini ba.

Nara zuwa Nema

Daga Bamako muka sami motar sukari da ganyen shayi zuwa Nara. Bayan Nara kuwa hanya ta ƙare, sai dai direba ya bi sawun wanda ya riga shi. Mota ta kafe a rairayi ba adadi, kowane karo a sauko a tura, ni ne a gaba wajen ba da shawara, a baya wajen turi. A nan kunyar surukuta ta mutu, don babu bayan ɗakin da zan zaga, kwano ɗaya ne, in ban ci a gaban Baba ba sai in kwana da yunwa. Na ci, kaina a sunkuye.

Tun da muka shiga rairayi Baba ya zama wani mutum. Ya miƙe zaune, yana nuna ciyawa da sawun dabbobi yana kiran sunayensu, yana yi wa Fasinja bayani, shi kuma yana kaɗa wutsiya kamar ya gane. Sauran fasinjojin Larabawan ƙasar ne masu shuɗɗan riguna. Da suka ji maganarsa suka ga kare, sai suka ja kayansu gefe, na ji ana maimaita Nimadi, Nimadi, ana nuna mu duka biyu. In an zo shan ruwa sai a zuba mana a wani gwangwani dabam. Ni da na ɗinka riga don a girmama ni, ga ni an haɗa ni da kare a gwangwani ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, kuma ya fi ciwo da na tuna irin wannan kallon muka yi wa Baba a zango shekara da shekaru, har da ni a ciki.

A kasuwar Nema na yi ta yawo ina gwada yarukana biyar a kan mutane, ba wanda ya kama. Allah ya taimake ni wani mai gyaran rediyo ya ji ina zagin Fasinja da Hausa, ya ɗago kai ya amsa. Sunansa Idi, mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, ya daɗe a garin har ya iya Larabcinsu. Sai da ya gama dariyar Hausata, wai mu 'yan zango mace da namiji duk shi ne, sa'an nan ya saurari labarina. Ya ce ya san inda wasu 'yan Nimadi suka sauka a hanyar Walata. Ya ba ni shawara in sayi akuya da sukari da shayi, don mutanen ba su da abin da za su tarbi baƙo da shi.

Wurin Nimadi

Da sassafe muka ɗora Baba a jaki muka kama hanya tare da Idi, rana na tsaka muka hango 'yan tantuna gajeru na tsumma da fata a gindin wani tudu. Kafin mu ga mutum karnuka suka fito, sirara masu dogon baki, sun fi goma. Na ɓuya a bayan surukina, tsoho mara lafiya, Fasinja kuma ya ɓuya a bayana. Baba ya sauko daga jaki ya yi wani dogon kira daga maƙogwaro. Karnukan suka tsaya, suka karkata kai, suka zo suna shinshinar ƙafarsa.

Samari suka fito fuska a ɗaure. Idi ya yi magana da su ya juyo yana dariya, ya ce rigata suka gani suka ɗauka ni ma'aikacin hukuma ne da ya zo kama masu farauta. Ƙasa huɗu na ratsa ina jiran a ɗauke ni babban mutum, sai a wurin da abin zai ja mini duka aka ɗauka. Na tuɓe rigar na cusa a jaka.

Baba ya yi musu magana. Suna jin wani abu, wani kuma su dubi juna su yi murmushi. Idi ya ce kalmomin da yake yi na farauta ne irin na dā, na kiran kare da bin sawu da rabon nama, yaran ba su tashi da su ba. Fari ya kashe barewa da mariri, masu mota da bindiga sun ƙarasa sauran, hukuma kuma ta hana farauta, samari sun koma kiwon dabbobin wasu da haƙar rijiya. Na ce a raina kada dai mun zo a makare.

Sai aka fito da wata tsohuwa mai suna Maryama, ana riƙe da hannunta don idonta ya tafi. Ta tambaye shi ɗan wane ne. Ya faɗa. Sai ta kira shi Saliku, sunan da ni surukinsa ban taɓa ji ba. Ta san mahaifiyarsa, ta san wansa da ya rasu a shekarar fari. Ya yi magana ta amsa, ta yi magana ya amsa, suka zauna a kan rairayi suna ta yi, har na ji Baba ya ƙyalƙyale da dariya. Shekara biyu yana magana ba wanda ya mayar masa. Na koma bayan jaki na share hawaye, na ce wa Idi rairayi ne ya shiga mini ido.

Aka yanka akuyar aka gasa. Muna zaune na ga wani magidanci ya yagi tsoka ya jefa wa karensa, ya yagi ta biyu ya sa a hannun 'yarsa, sa'an nan ya kai ta uku bakinsa. Na duba gefe, wani ma haka ya yi. Na tambaya, Maryama ta ce haka suka gada. Kare ne ya kamo, shi ke fara ci. Sai ɗan da ya fi soyuwa a zuciya, wanda ya zauna a gida yana jiran dawowarka. Maharbi shi ne na ƙarshe, kuma in babu kare a kusa abincin ba ya shiga masa.

Duk da na ga amsar da idona, saƙo saƙo ne. Na faɗa wa Idi tambayar Adiza da Hausa, ya juya wa Maryama da Larabci, ta juya wa Baba da irin maganarsu. Baba ya ɓata rai, ya yi magana mai tsawo yana bugun jakar wuyansa, amsar ta biyo hanyar da ta bi ta dawo.

"Ya ce wace irin tambaya ce wannan," in ji Idi. "Ya ce sunanta ne ya ɓace masa tare da sauran maganar can, amma ita ce mai tabo a girar hagu, ta faɗa babban kwalbatin unguwarku tana ƙarama, shi ya ɗauko ta a kafaɗa. Ya ce tun tana yarinya ya so ya riƙa ba ta rabonta, mutane suka yi masa dariya ya bari. Yanzu ya tsufa ba ruwansa da dariya, amma kullum ya ba ta sai ta ƙi. Yana tambaya, laifin me ya yi mata take fushi da shi?"

Da ƙyar na ce a gaya masa ba fushi take ba, rashin sani ne, kuma ita ta aiko ni.

Kwana biyu muka yi. Ranar da za mu tafi, Baba ya jefa wa Fasinja lomarsa, ya sa ta biyu a jaka, sa'an nan ya yagi ta uku ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na ci a gabansa, kuma ban taɓa jin an girmama ni kamar ranar da na zo na uku bayan kare ba. Ya cire jakar daga wuyansa ya rataya a nawa. Na so in bar masa Fasinja, amma mutanen suka gwada shi da gudu, suka ga ko ɗan akuya ba ya iya kamowa, suka ce su ba su da abincin ciyar da ɗan birni. Baba ya danƙa mini igiyar, ya juya ya koma wurin Maryama suka ci gaba da hirarsu.

Komawa gida

Hanyar da muka bi ita na biyo, ni da Fasinja, kwano ɗaya, kuma ban ƙara wanke riga saboda shi ba sai in salla ta zo. Jandarman nan na bayan Paga ya gane mu, wannan karon shi ya fara gaishe ni. Na sauka a Nima da hantsi, na tarar mai albasa ya riga ni isowa da labari tun tuni. Tun daga bakin titi yara ke kiran Mumuni Mai Kare, wasu dattawa kuma suna amsa sallamata daga nesa. Har yau sunan bai bar ni ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni, na gode wa dillalin goro na Kumasi da direbobin da suka haƙura da mu, da Idi mutumin Tawa wanda ya rufe shagonsa saboda baƙon da bai sani ba.

Adiza ta haihu bayan tafiyarmu, na same ta zaune a bakin ƙofa da jariri a cinya, tsohon karen Baba na kwance nesa kaɗan. Ba ta tambaye ni gajiya ba, ido kawai ta zuba mini. Na tsuguna na faɗa mata duka, da tabon gira, da kwalbati, da tambayar da ya yi. Na cire jakar na ba ta, na ce rabonta ne tun daga Bolga har Nema, ba wanda ya ɓata.

Ta buɗe ta daɗe tana kallon busasshen naman da ɓallayen burodi. Matan gida sun taru a tsakar gida suna kallo. Ta zaro ɗaya ta karya biyu, ta kira tsohon karen ta jefa masa rabi, ta sa sauran a baki tana tauna, hawaye na zuba a kan zanen jaririn.

"Baba, na karɓa," in ji ta.